Garambawul da Sauran Kalmomin Bakanike

Kalmar garambawul ta daɗe da barin gareji ta koma bakin 'yan jarida da 'yan siyasa, har ta kai yawancin masu jin ta a labaran rediyo, inda ake cewa shugaban ƙasa ya yi wa majalisar ministocinsa garambawul, ko 'yan majalisa za su yi wa kundin tsarin mulki garambawul, ba sa kawo ƙarfe ko baƙin mai a ransu. Amma kalmar 'yar kanikawa ce, kuma asalinta yana nan a jikinta ga mai kasa kunne, domin kalmomi biyu ne na Turanci harshen Bahaushe ya narkar ya dunƙule, ta farko tana nufin wasawa, ta biyu kuwa ita ce bawul, wato ƙarfen nan mai faffaɗan kai da siririyar ƙafa wanda yake buɗe ƙofar silinda iska ta shiga ko hayaƙi ya fita, sannan ya rufe ta. A zamanin manyan motocin da suka yi jigilar gyaɗa da auduga zuwa tashoshin jirgin ƙasa, inji ba ya daɗewa ba a cire kansa an kankare baƙin da ya taru a ciki an kuma wasa bawuloli ba, saboda haka aikin da aka fi yawan yi idan an buɗe inji shi ne ya ara wa dukan aikin sunansa. Wasa bawul kuwa aikin haƙuri ne, a shafa wa leɓensa wani ƙulli mai yashi-yashi, a zaunar da shi a mazauninsa, a riƙa murza shi da sanda tsakanin tafukan hannu, ana ɗagawa ana juyawa, har fuskokin biyu su ci juna su dace, yadda ko kananzir aka zuba a kai ba zai sami hanyar tsiyaya ba.

Abin lura shi ne ma'anar da kalmar ta ɗauka a sabon gidanta ta kusa zama kishiyar wadda ta baro. A siyasa garambawul sauya wa mutane kujeru ne, a ɗauke na ma'aikatar gona a kai shi ta ruwa, a ɗauko na ruwa a ba shi ilimi, alhali a gareji babu laifin da ya kai a sauya wa abu mazauni. Bawul ɗin da aka wasa da mazauni na uku ba zai zauna daidai a na huɗu ba, marfin da ya riƙe kiranshaf, wato gaɓar ƙarfen da ke juyi a cikin inji, a gurbi na biyu kuwa an huda shi ne tare da gangar injin tun a masana'anta, don haka ba ya karɓar wani gurbi, ba ya ma yarda a mayar da gabansa baya, shi ya sa bakanike mai tsari yake jera abin da ya kwance bi da bi yana buga wa kowanne lamba. Garambawul na asali mayar da kowa inda yake ne bayan an daidaita abin da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, kuma wannan abin da ke tsakani, wanda ba ƙarfe ba ne, rata ce kawai, shi ne ainihin abin da ake sabuntawa.

Injin da ya fi dacewa a bi wannan magana ta kansa shi ne tsohon injin dizal mai tobo na kamfanin Mercedes-Benz na Jamus, mai lamba OM617, mai silinda biyar a jere da girman lita uku, wanda gangarsa da kansa duka narkakken baƙin ƙarfe ne. Ya fara fitowa babu tobo a 1974, sai a 1976 kamfanin ya ɗora masa tobo ya saka shi a motar gwaji mai suna C111, ta yi ta zagaye filin Nardo da ke kudancin Italiya fiye da kwana biyu da gudun da matsakaicinsa ya haura kilomita 250 a awa. A 1978 aka fitar da shi kasuwa cikin mota ƙirar 300SD, wadda ita ce motar shiga ta farko mai injin dizal da tobo da aka ƙera don sayarwa, kuma a Amurka da Kanada kaɗai aka sayar da ita, saboda dokar da Amurka ta kafa a 1975, bayan rikicin man fetur na 1973, wadda ta tilasta wa kamfanonin mota rage yawan man da motocinsu ke sha. Daga baya injin ya shiga ƙirar W123, wadda Afirka ta san ta sarai, daga tasi-tasin Maroko har titunan Yamai da Kano, ko da yake yawancin waɗanda suka iso nan 'yan uwansa ne marasa tobo, irin su 200D da 240D. Yawancin waɗannan injuna yanzu sun kai shekara arba'in, kuma ana ci gaba da buɗe su ana haɗawa ne saboda babu kwamfuta ko ɗaya da ke sarrafa su, duk abin da ke cikinsu ana iya auna shi da hannu a gane shi da hankali.

Sunan dizal sunan mutum ne, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a birnin Augsburg a 1897, amma a Arewacin Nijeriya direbobi sun fi kiran man da gas, a Nijar kuma gazuwal. Bambancin wannan inji da na fetur shi ne ba shi da fulogin da zai ƙyasta masa wuta. Fistan, wato dunƙulen ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda, yana zuƙo iska zalla, sannan ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin ashirin da ɗaya da rabi na girmanta, matsin ya sa zafinta ya wuce digiri 500, a daidai wannan lokaci nozul ya fesa man cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kan injin, man ya kama da kansa. Wutar injin dizal ke nan 'yar matsi ce, duk abin da ya rage matsin ya rage ta, shi ya sa tsohon injin fetur da ya gaji yakan tashi ko da ƙyar, amma na dizal da matsinsa ya zube sai ya ƙi tashi da sanyin safiyar hunturu, a yi ta murza makulli har batir ya mutu.

Idan lalacewar ta kai matuƙa, Bahaushe cewa yake yi inji ya buga, kuma wannan fi'ili ya cancanci a tsaya a kansa, domin da shi ake faɗin rayuwa da shi kuma ake faɗin ƙarshenta: zuciyar mai rai tana bugawa, wanda ya faɗi farat ɗaya kuma sai a ce zuciyarsa ce ta buga. Haka abin yake a inji, musamman na dizal, wanda ko lafiyarsa lau da bugu yake tafiya, bugun da ke fitowa daga kamawar man a cikin matsattsiyar iska, wanda kunnen bakanike yake rarrabe shi da wani bugun dabam, mai nauyi, mai fitowa daga ƙasa, wanda yake ƙaruwa idan an taka totur. Tushen wannan na biyun yana wurin kiranshaf, wato doguwar gaɓar ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe wadda take mayar da hawa da saukar fistan juyi, da kuma metal, sunan da kanikawan Nijeriya suke kiran ɓawon nan biyu masu siffar rabin zobe da suke rungume da wuyan kiranshaf. A lafiyayyen inji wuyan ba ya taɓa metal ɗin ko kaɗan yayin da yake juyawa, a kan baƙin mai yake yawo, cikin ratar da ba ta wuce kashi biyar ko shida cikin ɗari na milimita ba, wadda ido ba ya ganinta, farce ba ya jin ta. Idan ratar ta yi ƙanƙanta man ba zai shiga ba, ƙarfe ya kama ƙarfe ya ƙone, idan kuma ta buɗe man ya tsere ta gefe, ƙarfinsa ya faɗi, sandar fistan ta sami sararin da za ta riƙa dukan wuyan a kowane zagaye, wannan duka shi ne bugun da ake nufi. Faransawa, waɗanda kanikawan Nijar suka gaji kalmomi irin su kulas da bidanji daga harshensu, suna kallon wannan masifa ta wata fuska, su ce sandar ta narke, suna nufin taushin ƙarfen da ke fuskar metal, wato su sun sa mata suna da abin da ake gani bayan an buɗe, Bahaushe kuwa da abin da ake ji kafin a buɗe.

Kafin a kai ga bugu akwai doguwar hanya, kuma da ci da sha ake ba da labarinta, fi'ilan nan biyu da yawan ma'anoninsu ya sa masanin harshe Claude Gouffé ya yi rubutu a kansu tun 1966. Ringi, wato zoben da ke ɗaure a ƙugun fistan yana toshe tsakaninsa da bangon silinda, ana cewa ya cinye, metal ya cinye, silinda ta cinye, ba tare da an ambaci wanda ya ci ba, ga shi kuwa maciyan sanannu ne, ƙurar da ta tsallake matacin iska, da baƙin hayaƙi da ke gauraya da baƙin mai idan an jinkirta juye, da farar wutar da ke cikin gas maras kyau, wadda take haɗuwa da laima ta zama ruwa mai cin ƙarfe. Da ringi ya cinye sai inji ya fara shan baƙin mai, man ya haura saman fistan ya ƙone ya fito salansa da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, wanda ya bambanta da baƙin hayaƙi mai nuna gas ya fi iska yawa, da kuma fari mai nuna gas bai ƙone ba ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Matsin da ya kamata ya tura fistan kuma sai ya riƙa sulalewa ƙasa, har masu irin wannan mota suna da gwajin da suke yi, su sassauta marfin baƙin mai inji na aiki, su ga ko zai zauna ko zai yi ta rawa.

Karin maganar da ke cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba ta shata iyakar da gareji ma yake aiki da ita, tsakanin abin da ake daidaitawa kaya na bisa kai da abin da sai an sauke. Ana iya sauya nozul ko a saita bawul inji na kan mota, amma garambawul sai an sauke, kuma a ƙirar W123 an tanadi hakan, domin marfin gaban motar yana miƙewa tsaye ƙyam, a zaro injin tare da giyabos da sarƙa da ƙugiya, a karkace, nauyin da ya haura kilo 200. Warware shi aikin yini guda ne, kuma ko yaron gareji zai iya. Abin da ke raba gwani da mai koyo yana zuwa ne bayan an wanke komai, lokacin awo. Silinda ba ta cinyewa daidai wa daida, ta fi faɗi a sama inda wuta da matsi suka fi tsanani, ta kuma fi cinyewa ta gefen da fistan yake jingina idan wuta ta turo shi, don haka ramin da aka huda da'ira sai ya koma mai ɗan tsawo ta gefe guda, ga kuma ɗan tudu a baki inda ringi bai taɓa kaiwa ba. A wannan injin an cusa wa kowace silinda riga ta ƙarfe, wadda ake iya turo ta waje a cusa sabuwa, a fafe ta daidai da fistan ɗin da zai zauna a cikinta, sannan a bi bangonta da dutse a bar masa siraran zane masu gicciye juna, domin bango mai santsi ƙwarai ba ya riƙe mai. Kiranshaf kuwa ba a ƙara masa komai, ragewa ake yi, a wasa wuyansa ya ragu da rubu'in milimita, a sa masa metal mai kauri da zai cike gurbin, kuma waɗanda suka gaji awon Ingila suna kiran matakan goma da ashirin da talatin, wato kashi goma ko ashirin ko talatin cikin dubu na inci. Gyara ne da ake yi da ci, irin cin da ya kawo cutar, sai dai wannan da awo ake yin sa, kuma yana da iyaka, domin wuyan ba ya tsirowa. A injin mai tobo ma iyakar ta fi kusa, saboda an taurara fatar kiranshaf ɗinsa da sinadarin naitirojin, fatar kuwa siririya ce, wanda ya wasa ta bai sake taurarawa ba ya mayar da kiranshaf mai kyan gani maras ƙwari.

A nan ne wata kalma, wadda ita ma 'yan jarida suke yawan jingina wa kundin tsarin mulki, take shigowa, wato kwaskwarima. A gareji kwaskwarima ita ce a buɗe inji a zuba sabon ringi da metal a rufe ba tare da an auna komai ba, zobe mai da'ira cikin ramin da ya daina zama da'ira, hayaƙi ya ɗauke na 'yan watanni ya dawo. Ba a raina mai yin haka idan aljihun mai mota ne ya yanke hukunci, domin kuɗin riguna biyar da fistan biyar na iya fin kuɗin motar, kuma da yawa sukan gwammace su nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ko Ladipo a Legas su sayi injin gwanjo ɗan Beljiyam, wanda babu wanda ya san tarihinsa. Abin zargi shi ne a yi kwaskwarima a karɓi kuɗin garambawul. Akwai kuma ɓarnar da ba ta rowa ba ce, ta mantuwa ce, domin injin da ya buga yana watsa garin ƙarfe cikin duk hanyoyin baƙin mai, har da ɗan lagireton da ke sanyaya man a gaban mota, wanda ba ya cikin abin da aka sauke, saboda haka sau da yawa ba a tuna da shi, sai ya jira an tayar da sabon aiki ya amayo masa tsohon gari.

Tobo kalmar Latin ce asalinta, tana nufin guguwa, tana kuma nufin abin wasan yara da ake murzawa ya yi ta juyi a ƙasa, abin da Bahaushe yake kira katantanwa, kuma wanda ya ga gidan tobo da nannaɗensa mai farawa da faɗi yana tsukewa zai ga cewa da kanikawa sun raɗa masa wannan suna da bai yi masa ƙarya ba. Injiniya ɗan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905, kuma dabarar ita ce a ɗaura fanka biyu a kan sanda ɗaya, hayaƙin da inji ya fitar ya juya ta farko, ta biyu kuma ta tura ƙarin iska cikin silinda, wanda ke ba da damar a ƙona ƙarin gas, da haka ƙarfin wannan injin ya tashi daga doki 80 zuwa kimanin 110, daga baya har 125. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, gefenta guda cikin hayaƙi mai zafin ɗaruruwan digiri, ita ma a kan baƙin mai take yawo, kuma siririn bututun da ke kawo mata man yakan toshe da ƙonannen mai idan direba ya saba kashe mota da zafinta bayan doguwar tafiya. Ƙarin wutar ya tilasta wa kamfanin sauya cikin injin, aka sa wa kowane fistan ɗan bututu da ke fesa masa baƙin mai daga ƙasa don sanyaya shi, aka cika ƙafar bawulolin hayaƙi da sinadarin sodiyam mai kwashe zafi daga kai, aka ƙara girman famfon mai. Saboda haka fistan ɗin injin da ba shi da tobo, wanda ya fi sauƙin samu a kasuwannin wannan yanki, yana iya kama da na mai tobo a ido, amma ba shi da hanyar mai a cikinsa, kuma mai haɗawa da ya lanƙwasa ɗaya daga cikin 'yan bututan fesawa bai lura ba ya riga ya zaɓi silindar da za ta fara ƙonewa.

Haɗawa ɗauri ne da saiti, kalmomin da su ma suka tsallaka cikin maganar yau da kullum, inda ake cewa wane ba shi da saiti, ko notin kansa ya kwance, ba a taɓa jin an zagi wani da cewa notinsa ya ɗauru fiye da kima ba, alhali a inji wannan ma cuta ce. Kusoshin kan inji ana ɗaure su ne da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, a matakai, don kan ya kwanta a kan gasket ba tare da ya karkace ba. Sannan a ɗaura kacar da ke haɗa kiranshaf da sandar da ke danna bawuloli, sandar da take zagaye ɗaya idan kiranshaf ya yi biyu, a dace alamomin da aka zana musu, domin a injin dizal sararin da ke tsakanin fistan da bawul ya yi ƙanƙantar da kuskure kaɗan a kacar zai sa su yi karo, shi ya sa ake juya injin da hannu zagaye biyu kafin a bari makulli ya taɓa shi. Famfon gas na kamfanin Bosch, wanda yake aika wa silindu rabonsu bisa jerin 1, 2, 4, 5, 3, ana saita shi ya fara turo mai saura digiri 24 fistan na farko ya kai ƙololuwa. Daga ƙarshe a bar wa kowane bawul rata da gangan, inji na sanyi, milimita 0.10 ga na iska, 0.35 ga na hayaƙi, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi, kuma bawul ɗin da ba a bar masa wurin miƙewa ba ba zai rufe ba, wuta ta bi ta leɓensa ta cinye wasin da aka yi masa.

Mayar da inji cikin mota ba shi da wani suna na musamman a bakin kanikawa, ɗorawa ne kawai, kuma rashin sunan ya yi daidai da yadda ake raina shi, ga shi kuwa aikin mako uku yana iya lalacewa a nan cikin yini guda. Akwai robobin da injin yake zama a kansu, waɗanda in sun mutu suke watsa karkarwar silinda biyar cikin jikin mota, akwai wayar da ke haɗa injin da gangar mota, wadda in an manta da ita kik ba zai juya da ƙarfi ba, akwai tiyo-tiyo na ruwa da na mai. Akwai kuma wani siririn bututu da ya tashi daga hanyar iska zuwa wata 'yar na'ura a saman famfon gas, wanda aikinsa shi ne sanar da famfon cewa tobo ya fara turo iska, a ƙaro mai. Idan ya toshe da baƙi, ko aka manta ba a haɗa shi ba, tobo zai yi ta aikinsa famfon bai sani ba, motar ta fito da sabon inji tana jan ƙafa a hawa, mai ita ya koma yana zargin fistan da ringi.

Kafin a tayar, ana zuba baƙin mai a bakin tobo da hannu, a juya injin ba tare da ya kama ba har allurar mai ta motsa, sannan a danna ɗan famfon hannu da ke jikin famfon gas har iskar da ta shiga hanyar mai ta fita, domin iska tana matsuwa, kuma muddin tana cikin bututu matsin ba zai kai ma'aunin ba 135 da nozul yake buƙata kafin ya buɗe ba. A kunna hita, wato 'yan sandunan da ke yin ja don ɗumama ƙananan ɗakunan wuta, a murza, injin ya yi tari, silinda ɗaya ta kama, sauran su biyo. A nan bakanike yana da ikon cewa an gyara, amma ba shi da ikon cewa ya gyaru. Nahawun Hausa, wanda F. W. Parsons ya tsara fi'ilansa aji bakwai a 1960, ya ware siffa ta musamman, mai ƙarewa da wasalin u, don abin da aikin ya ratsa shi ya kuma karɓa, kamar dafu da haɗu da gyaru, kuma bambancin ba na ado ba ne, domin an gyara rahoton mai aiki ne, ya gyaru kuwa hukunci ne da ke hannun abin da aka yi wa aikin. Sabon ringi bai gama dacewa da sabuwar riga ba ranar da aka haɗa su, sai sun ci juna a kilomita dubu na farko ko fiye, kuma cin ba ya yiwuwa sai da matsin da ke tura ringin jikin bango, saboda haka wanda ya bar sabon inji yana aiki a tsaye awa da awanni don tausayi ya cuce shi, bangon zai yi santsi, injin ya ci gaba da shan mai har ƙarshen rayuwarsa. Ana so a hau hanya da shi, ana ƙara gudu ana ragewa ba tare da an ƙure shi ba, a yi juye da wuri don fitar da garin ƙarfen wannan ci na farko. Kanikawan Nijar suna kiran wannan zango rodaji, kalmar da a Faransanci ita ce kuma sunan wasa bawul. Lambar da aka buga a gangar injin kuwa ba ta sauya ba, a takarda tsohon inji ne, kuma mafi yawan nauyinsa ƙarfen da aka zuba a Jamus ne shekara arba'in da suka wuce.

Saura kashewa. Injin fetur yana mutuwa da zarar an ɗauke wa fulogi wuta, amma wannan injin, da yake ba ya buƙatar lantarki bayan ya tashi, ko an cire batir ɗungurungum zai ci gaba da aiki, ba a kashe shi sai an hana shi mai ko an hana shi iska. Makullin waɗannan motoci yana buɗe wata hanya ce ta zuƙa, wadda wani famfo a gaban injin yake samarwa, zuƙar ta ja wani ɗan marfi a bayan famfon gas ya datse man, kuma wannan zuƙar ce take taimaka wa birki, take kulle ƙofofi, take kuma tausasa sauyin giya, duk ta cikin siraran tiyo masu kama da juna. Mai ɗora inji da ya bar ɗaya a sake zai zare makulli ya riƙe a hannu motar na ci gaba da kaɗawa, shi ya sa kamfanin ya sa wani ɗan hannu mai jan rubutu a jikin injin wanda ake dannawa a kashe shi. Akwai kuma halin da wannan hannun ma ba ya amfani, wato idan abin da ke tare mai a cikin tobo ya lalace, baƙin mai ya malalo hanyar iska, injin ya fara ƙona shi a madadin gas, gudunsa ya ƙaru, ƙaruwar ta jawo ƙarin mai, ya yi ta hauhawa cikin farin hayaƙi har wani abu ya karye a cikinsa. Maganinsa ɗaya ne, a toshe masa bakin iska da abu mai ƙwari, ba da tafin hannu ba, ba kuma da tsumma ba, domin zai zuƙe tsumman, saboda haka kanikawan da suka san dizal sukan cire tiyon iska su ajiye faffaɗan katako kusa da bakin tobo, a sa mutum guda ya tsaya a kansa, kafin a murza makulli a karon farko.